Fitar da Guntayen Bidiyo Masu Yawa Ba Tare da Kwana a Shago Ba

Duk mai shagon editin a Gusau ko Tsafe ko Bungudu ya san aikin da watan azumi ke zuwa da shi. An ɗauki zaman tafsiri na awa biyu, almajiran malam kuma suna so a rarraba shi: fassarar ayoyi dabam, kowace tambaya da amsarta dabam, addu'ar rufewa dabam, don a watsa a WhatsApp kafin zaman gobe. Haka bidiyon biki yake. Dangin amarya a Bilbis ba su da haƙurin fim guda mai awa uku, so suke kamu da ɗaurin aure da yinin biki da kai amarya kowanne ya zo a fayil ɗinsa. Abin da akasarin masu editin ke yi shi ne su sa alama a farkon guntu da ƙarshensa, su danna fitarwa, su zuba wa rendarin ido har ya cika ɗari, sannan su koma na biyu. In dare ya raba ana kan na goma sha biyu cikin talatin, sai a ɗora wa kwamfuta laifi, a ce ta tsufa. Alhali sau da yawa aikin da babu bukatarsa aka ɗora mata.

Sai an san yadda bidiyo ke kwance a cikin fayil kafin a gane haka. Kyamara tana ɗaukar hoto 25 ko 30 a kowace daƙiƙa. Hoto guda mai faɗin 1920 da tsayin 1080, in an ajiye shi ɗanye, ya haura megabait 6, wato minti ɗaya zai ci fiye da gigabait 9. Babu memorin da zai jure wannan. Shi ya sa tsarin matse bidiyo irin H.264, wanda aka kammala a 2003 kuma har yau shi ne a yawancin wayoyi, yake yin wata dabara mai ban sha'awa. Yakan ajiye cikakken hoto guda, sannan a hotunan da ke biye ya rubuta abin da ya canza kawai. Malam na zaune, bango bai motsa ba, darduma ba ta motsa ba, leɓe da hannu ne suka motsa, to su kaɗai za a rubuta. Bayan ɗan lokaci a sake ajiye wani cikakken hoto, a ci gaba a haka. Rendarin kuwa shi ne kwamfuta ta warware wannan lissafi duka, ta gina kowane hoto, sannan ta sake matse shi daga farko. A awa ɗaya mai hoto 25 a daƙiƙa, hoto 90,000 ke nan za ta warware ta sake ɗaurewa. Nan lokacin yake tafiya, nan man janareta yake ƙonewa.

To idan yanka kawai ake so, me ya kawo warwarewa? Mai yadi a kasuwar Gusau, in ka ce ya ba ka yadi biyar, almakashi yake sawa, ba ya kunce zaren ya sake saƙa. Ana iya ɗebo bayanan da ke tsakanin minti na 14 da na 19 yadda suke a matse, a zuba su a sabon fayil, ba a taɓa ko hoto ɗaya ba. Manhajar FFmpeg, wadda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a 2000, ta daɗe tana yin wannan, sai dai da rubuta umarni ake sarrafa ta. LosslessCut, wadda aka gina a kanta kuma kyauta ce, ta sauƙaƙa abin: ka buɗe bidiyon, ka sa alama a kan sassa talatin ɗinka, ka sa wa kowanne suna, ka danna fitarwa sau ɗaya, kowane sashe ya fito a fayil ɗinsa. Saurin aikin ya dogara ne da saurin kwafin fayil a na'urar, don haka tsohuwar laftof ma kan gama cikin 'yan mintuna abin da rendarin zai cinye wa yini.

Akwai wata magana da ta zauna a bakin masu sana'ar, wai bidiyon da bai bi ta rendarin ba bai "gyaru" ba, wai in aka fitar da shi a 4K zai ƙara kyau. Wannan magana ba ta da tushe ko kaɗan, kuma ta ci kuɗin mutane da yawa. Matsewa irin ta H.264 zubar da wani abu take yi a duk lokacin da aka yi ta. Wayar da ta ɗauka ta zubar sau ɗaya, rendarin ya zubar na biyu, WhatsApp ya sake matsewa ya zubar na uku, sai fuskar ango ta fara dishi-dishi a rasa dalili. Abin da kyamara ba ta kama ba kuwa, babu lambar da za ka zaɓa ta dawo da shi. Bidiyon da aka ɗauka a 720 aka fitar a 4K ya ƙara nauyi ne kawai, an shimfiɗa ɗigo ɗaya ya cike gurbin tara. Nauyin fayil ma lissafinsa a fili yake: yawan bayanan da aka ware wa kowace daƙiƙa sau tsawon bidiyon. Megabit 8 a daƙiƙa daidai yake da megabait 60 a minti, ko a wane girma aka fitar.

Mai ja zai ce yankan kwafi, wato wanda ba a bi ta rendarin ba, ba ya faɗawa daidai inda aka sa alama. Gaskiyarsa, kuma dalilin yana cikin abin da aka riga aka bayyana. Guntu ba zai iya farawa daga hoton da ke ɗauke da canji kaɗai ba, dole ya fara daga cikakken hoto, in ba haka ba farkonsa ya daskare ko ya fito a dagule. A bidiyon waya cikakken hoto kan zo kusan kowace daƙiƙa, amma a fayil ɗin da aka taɓa matsewa a kwamfuta tazarar kan kai hoto 250, wato daƙiƙa goma. Sai dai a duba irin aikin da ake magana a kai. Tsakanin tambaya da tambaya a zaman tafsiri akwai shiru, akwai gyaran murya, akwai buɗe takarda. Daƙiƙa ɗaya da ta ƙaru a farkon guntu ba ta ɓata wa kowa rai. Mai haɗa waƙa, wanda yake so yanka ya faɗi a kan bugun kalangu, shi kam rendarin ya kama shi, babu gardama.

Wani kuma zai ce ai dole a sa tambarin shago da sunan malam a ƙasa, a gyara kala. Nan ma rendarin ya zama dole, domin an canza hoton kansa. Amma ko a nan ba sai an yi gadi ba. A Premiere Pro ana tura kowane sashe layin jira na Media Encoder, a tara su duka a tayar sau ɗaya. A DaVinci Resolve akwai zaɓin fitar da kowane guntu da ke kan layin aiki a matsayin fayil mai zaman kansa, sai dai a kula, duk inda aka yanka nan zai raba, ko da a tsakiyar amsa ɗaya ne. A jera aikin lokacin da wuta ta zo, a tafi wata hidimar.

Mutanen Zamfara sun fi kowa sanin amfanin guntayen fayil. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, babu intanet, babu WhatsApp. Abin da ya rage shi ne memori da Bluetooth da Xender da teburin masu turi. A irin wannan hali fayil mai gigabait biyar kaya ne, tsohon memori mai tsarin FAT32 ma ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4, amma guntu mai megabait arba'in yana tsallakawa daga waya zuwa waya kafin a gama gaisawa. Ko da layi ya dawo, kuɗin data bai bar mutumin ƙauye ya sauke awa biyu don ya ji amsar tambaya ɗaya ba. A nan ne sunan fayil ke da muhimmanci: a fara da lamba mai sifili, 01, 02, har 30, don wasu na'urori kan jera 10 kafin 2, sannan a rubuta abin da ke ciki, domin mai turi ba zai buɗe fayil talatin yana neman kai amarya ba.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowace awa da janareta ya yi a shago daga ribar mai editin take fita. Saboda haka kafin ya danna fitarwa, tambaya ɗaya ta ishe shi: na canza wani abu a cikin hoton, ko rabawa kawai zan yi? In rabawa ce, ya kwafa. In ya canza, ya jera su a layi ya tayar sau ɗaya. Wanda ya saba da wannan zai ga tsohuwar kwamfutar da yake shirin sayarwa tana da sauran aiki a gabanta.