KARATUN ALƘUR'ANI A YAYIN SHAƘAR NUMFASHI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata ɗabi'a da muke ji a makarantun allo, har ma a bakin waɗansu limamai lokacin asham. Mai karatu yana sauri, numfashi ya ƙare masa a tsakiyar aya, maimakon ya tsaya sai ya ci gaba da motsa harshe alhali iska tana shiga ƙirjinsa. Kalma biyu ko uku su fita da wata irin murya shaƙaƙƙiya, sa'an nan ya koma muryarsa ta ainihi. Shi a ganinsa bai rasa kome ba, har ya yi ribar lokaci. Mu kuwa muna cewa waɗannan kalmomi bai karanta su yadda aka saukar ba, dalilin kuma yana cikin halittar maƙogwaro.

Ibnu Jinni, wanda ya rasu a shekara ta 392 bayan Hijira, ya kwatanta maƙogwaro da baki da sarewa, Ibnu Sina kuma ya yi risala sukutum a kan dalilan samuwar haruffa. Likitocin zamani sun leƙa da madubi sun ga abin da magabata suka hanga da hankali. A cikin maƙoshi akwai tantani biyu masu fuskantar juna. In iska ta taso daga huhu sai ta buɗe su daga ƙasa zuwa sama, su rufe, su sake buɗewa, wajen sau 100 zuwa 120 a daƙiƙa ɗaya ga namiji baligi, wajen sau 200 ga mace. Wannan kaɗawa ita ce murya. To, in aka juya iskar ta zo musu daga sama, suna iya kaɗawa, amma ba bisa tsari ba. Sai muryar ta yi kaushi, ta yi tsini, amonta ya ragu, huhu kuwa ya cika nan da nan, maƙogwaro ya bushe.

Ba mu ce ba a yin sauti ta wannan hanya ba. Mutanen Suwidin da Norwe sukan ce "i" da harshensu suna shaƙar iska. Matan Inuwit na arewacin Kanada suna da wata waƙar maƙogwaro, biyu su tsaya fuska da fuska suna rerawa da fitar numfashi da shigarsa. Larabci ma ya ba kowanne suna, zafiri da shahiƙi, kalmomin da suka zo a Suratu Hudu wajen siffanta kukan 'yan wuta, waɗansu masu tafsiri kuwa suka misalta su da farkon kukan jaki da ƙarshensa.

Amma murya daban, harafi daban. Malaman tajwidi sun gina siffofin haruffa ne a kan iska mai fita. Haruffan hamsi guda 10 an siffanta su da gudanar numfashi tare da su. Sinun da sadi da zayun suna da shewa domin iska tana matsewa a kan harshe ta doki haƙora; in ta juya baya ba ta samun haƙoran da za ta doka, shewar ta mutu, ba a rarrabe sinun da sadi. Ra'un ya fi kowanne shan wahala, gama iska mai fita ce take girgiza kan harshe. Mai karatu ya jarraba da kansa yanzu, ya faɗi "Ar-Rahman" yana shaƙa, zai ji abin da ya fito. Wanda ya yi wa Fatiha haka a salla ya taɓa rukuni, in kuwa liman ne, yana ɗauke da karatun mutanen da ke bayansa.

Wani zai ce ai Hausa tana da "ɓ" da "ɗ" waɗanda ake jin kamar ana haɗiye su. Wannan ba shaƙa ba ce. Maƙoshi ne kaɗai yake sauka ƙasa ɗan lokaci, huhu bai juya aikinsa ba. Wani kuma zai kawo zikirin anfasu na 'yan Ƙadiriyya, inda ake jin numfashi yana shiga yana fita da ƙarfi. Maganar da malamai suka yi a kansa tana da nata fage. Abin da ya shafe mu a nan shi ne ba a ɗauke shi ruwayar karatun Alƙur'ani ba, don haka ba ya zama hujja ga mai tilawa.

Abin mamaki shi ne shari'a ba ta ƙuntata wa kowa ba balle ya nemi wannan dabara. Waƙafi a wurin malaman ƙira'a, irin su Ibnul Jazari wanda ya rasu a 833, shi ne yanke sauti a ƙarshen kalma gwargwadon yadda za a numfasa, da niyyar ci gaba. Wurin numfashi ke nan, an tanade shi. Sakta kuwa yanke sauti ne kaɗan ba tare da numfashi ba, kamar wurare 4 da aka sani a ruwayar Hafsu, cikin Kahfi da Yasin da Ƙiyama da Muɗaffifina. Babu wani kashi na uku da ake haɗa sauti da shaƙa. Wanda numfashi ya ƙure masa, ko tari ya kama shi, an yardar masa waƙafin larura: ya tsaya a ƙarshen kalma, ya numfasa bakinsa shiru, sa'an nan ya koma baya kaɗan zuwa inda ma'ana za ta daidaita.

Laifin yaro kaɗan ne a wannan. Inda malami yake auna ƙoƙari da yawan izu a dare ɗaya, kuma bulala take sauka a kan wanda ya yi shiru na daƙiƙa biyu, dole yaro ya koyi cike shirun da hayaniya. Haka mamu da ke gudun limamin da ya ƙara minti 10 a asham, su ne suke tura shi ga gaggawa. Malamin da yake karɓar hadda ya riƙa zaunar da ɗalibi kusa da shi, ya dubi kafaɗunsa: in suna ɗagawa alhali bakinsa bai daina ba, ya mayar da shi farkon ayar.