Tsohuwar Shinkafar Kebbi Ta Fi Auki

Ƙorafin da matan gida suka fi yi wa shinkafar gida shi ne tana caɓewa a tukunya, ba ta warwarewa kamar 'yar waje. Sau da yawa laifin ba na iri ba ne, ba kuma na ƙasar fadamar Rima ba, na gaggawa ne. A Ambursa da sauran garuruwan da ke tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, ana yanke shinkafa, a sussuke, a casa, a kai kasuwa cikin 'yan makonni. Ita kuwa 'yar Tailan ko ta Indiya, kafin ta iso hannunmu ta riga ta yi watanni tsakanin sito da jirgin ruwa. Ana gwada sabuwa da tsohuwa ne, sannan a yanke wa sabuwar hukunci.

Ƙwayar shinkafa ba ta daina canzawa don an raba ta da gona. A watanni uku zuwa huɗu na farko bayan girbi, sinadarin gina jiki da ke cikinta yana ƙara ɗaurewa, ya riƙe sitacin da ke sa danƙo. Idan aka dafa ta bayan haka, ba ta sakin kauri da yawa a cikin ruwa, tana shan ruwa sosai, ta miƙe, ta yi auki. Zafi yana hanzarta wannan canji, mu kuwa ba mu rasa shi ba. 'Yan kasuwar Indiya da Pakistan sun daɗe da gane haka: suna ajiye shinkafar basmati shekara ɗaya ko biyu, su rubuta hakan a jikin buhu, su sayar da ita da tsada fiye da sabuwa. Turarawar da matanmu ke yi wa shanshera kafin a casa ta tana ba da wani ɓangare na wannan amfani, amma turarawa da ajiya idan suka haɗu sun fi kowanne shi kaɗai.

Wani zai ce ai sabuwar shinkafa ta fi ƙamshi, ta kuma fi yin tuwo mai laushi. Gaskiya ne, mutanen Japan ma sabuwa suka fi daraja saboda danƙonta suke so. To amma kasuwar da Kebbi ke nema ta dafa-duka ce da garau-garau da jalof ɗin biki, kuma a nan wadda ta kwana biyu ce ke cin gasa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, aka fito da shinkafar Lake Rice tare da jihar Legas a 2016, aka buɗe masana'antar WACOT a Argungu a 2017, maganar da ake ta yi ita ce ta yawan tan da yawan buhuna. Ba a cika jin wanda ke tambayar yadda shinkafar ke fita daga tukunya ba, alhali mai saye a Legas ko Kano da wannan yake auna ta.

Ajiya ma tana da sharuɗɗanta, kuma ba kowace shinkafa ce tsufa ke gyarawa ba. Dole ta bushe har damshinta ya sauka zuwa kashi 14 cikin ɗari ko ƙasa da haka, a bar ta cikin ƙaiƙayinta, a ɗora buhunan a kan katako nesa da ƙasa da bango. Wadda aka adana da laima fumfuna za ta yi, ƙwari su cinye sauran. Shi ya sa girbin damina da ke faɗowa cikin hunturu ya fi sauƙin ajiyewa a kan na rani, wanda ruwan farko ke riska. Idan kuma shekaru suka yi yawa, man da ke cikin dusarta yakan lalace ta soma wari.

Matsala mafi nauyi ita ce aljihun manomi. Wanda bashin taki da man injin ban ruwa ke jiransa ba zai iya kallon buhu wata huɗu ba, ga kuma masu ganin duk wata ajiya ɓoye abinci ce. Malamai sun bambanta wanda ya sayi abinci ya kulle lokacin tsanani don ya ƙuntata wa jama'a da manomin da ya adana amfanin gonarsa. Nauyin jiran bai kamata ya hau kan ƙaramin manomi shi kaɗai ba. Ƙungiyoyin manoma da manyan masana'antu irin su Labana da WACOT su ne ke da sito da jarin da za su iya haƙuri. Su ware wani kaso na shanshera ya huta, su rubuta watan girbi a kan kowane buhu, domin mai son tuwo ya ɗauki sabuwa, mai son dafa-duka ya ɗauki tsohuwa da saninsa.