Tausayin da ke Gurguntar da Tsofaffinmu

Dattijuwa ta zame a banɗaki, ƙafa ta gajarce, tafin ya karkace waje. Ƙashin cinya ne ya karye daga sama, wajen ƙugu. An yi dace ba a biya wurin mai ɗori ba, don kara da tsumma ba sa riƙe irin wannan karaya. Aka yi tiyata, aka sa ƙarfe. Washegari mai gashin ƙashi ya ce Hajiya ta miƙe ta taka, sai 'ya'ya suka ce ba su san zancen ba: "Haba likita, jiya-jiya fa aka yanka ta!"

Da aka koma gida sai abin ya ƙazanta. Katifa a ƙasa, fo a gefe, alwala a kwano. Ta yunƙura, a ce: "Hajiya ki kwanta, me za a kawo miki?" Kafin wata 2 gyambon kwanciya ya huda bayanta, gwiwa ta ƙage, cinya ta tsotse. Ƙashi ya haɗe, amma Hajiya ba ta sake tafiya ba. Wai wannan ne jinƙai?

To, me ya sa aka sa ƙarfen in ba don a taka ba? Tsoho in ya kwanta, naman jikinsa zubewa yake cikin kwanaki, majina ta taru a ƙirji ta zama ciwon huhu, jini ya daskare a ƙafa ya tafi ya toshe huhun. Hukumar NICE ta Birtaniya, a ƙa'idarta ta 2011, ta ce kusan mutum 1 cikin 10 na rasuwa a watan farko bayan karayar ƙugu, kusan 1 cikin 3 a cikin shekara. Shi ya sa ta ce a tayar da majinyaci washegarin tiyata.

Akwai karayar da likita zai hana ɗora nauyi na wasu makonni. Saboda haka kafin sallama a tambaye shi ƙarara: majinyaciyar ta taka sosai, ko kuwa? Sai yaushe? In ya ce ta taka, a ba ta maganin ciwo tukuna, a riƙe ta, a saya mata ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. A mayar da ita gado da kujera masu tsayi, masan tsuguno kuma a ɗora masa kujera mai rami. Kuma don Allah a daina ɗura mata kunu zalla. A haɗa da ƙwai, wake, kifi da nono.