Tsararriyar unguwa da batun zaure: misalin Maraɗi da Kano

A cikin wannan taƙaitaccen nazari za mu bambanta tsari iri biyu. Na farko shi ne na Maraɗi. Bayan ambaliyar Gulbi ta 1945, hukumar Faransawa ta tayar da garin daga fadama zuwa tudu, ta shata miƙaƙƙun hanyoyi, ta raba filaye. Gini kuwa aikin magidanta ne: kowa ya yi zaurensa, yana ƙara ɗaki in ɗansa ya yi aure. Na biyu shi ne rukunan Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo, waɗanda gwamnatin Kano ta gina a bayan gari tsakanin 2011 da 2015. A nan, ginannen gida mai saye yake tararwa.

Bambancin yana bayyana ranar da aka yi baƙo. Mutumin Gazawa ko Gidan Rumji in ya zo Maraɗi, a zaure ake tarbonsa, ba sai ya ratsa cikin gida ba. Amma inda falo ya maye gurbin zaure, ko dai baƙo ya tsaya ƙofa, ko ya shiga wurin iyali. Don haka muke ganin aikin mai tsari shi ne hanya, ruwa da magudana. Fasalin cikin gida kuwa a bar wa mazauna.