Daga Motar Kara Zuwa Motar Rimot a Ƙasar Bade

Babu duwatsun hawa a Dagona. Wannan gari na ƙaramar hukumar Bade, tsakanin Nguru da Gashuwa, ƙasar fadama ce: taɓo da damina, rairayi da tsagaggiyar laka da rani. Sunansa ya fita ne saboda tafkin da tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu, wanda Yarima Philip na Ingila ya ziyarta a 1989. Duk da haka, yaron da ya samu aron waya a nan zai iya kallon 'yan motocin rimot suna rarrafe kan duwatsun Amurka, kuma abin da ido ya gani, hannu kan so ya gwada.

A can, wasan manya ne. Motar takan zama kashi ɗaya bisa goma na girman ta gaske, kamar TRX-4 da kamfanin Traxxas ya fitar a 2017. Ba gudu ake nema ba, a hau tudu sannu a hankali ba tare da kifewa ba shi ne gwaninta. Shi ya sa mai ita ba ya barinta yadda ya saya. Zai sa tayoyi masu laushi don su kama dutse, ya ƙara nauyin tagulla can ƙasa kusa da ƙafafun, ya canza injin sitiyari da mai ƙarfi. Rabin daɗin wasan yana cikin kwancewa da ɗaurewa.

Nan ne wasan ya haɗu da abin da yaran Arewa suka gada. Motar kara da ta langa-langa ma ƙira ce da gyara. Sabon abu shi ne kayan aikin: motocin rimot na Sin masu araha da ke cika kasuwa gab da Sallah, ƙananan injina daga matattun rediyo da na'urorin DVD, da batiran tsofaffin kwamfutoci da ake samu wajen masu gyaran waya, tun daga Farm Centre ta Kano har rumfunan Nguru.

Motar rimot ta asali kuwa ta fi ƙarfin aljihu. Kuɗinta ɗaruruwan daloli ne, ga shi tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a 2024. Abin mamaki, tsadar ta yi rana. Wanda ya kasa saye dole ya harhaɗa, a nan yake gane dalilin da giya ke rage gudu ta ƙara ƙarfi, da yadda ake liƙe waya da dalma. Rairayi ma malami ne, domin yana cinye haƙoran giyar roba cikin ɗan lokaci.

Akwai hasara. Yaron da aka saya wa ta kanti, idan ta mutu ya jefar, bai koyi komai ba, ya kuma raina ta kara. Batirin litiyam da ya kumbura ko ya huje yana iya kamawa da wuta, balle a zafin Afrilu da ke wuce digiri 40. Bakin tafki kuma ba filin gwaji ba ne, tsuntsayen sun sha tafiya.

Yaran suna da abin koyi a Arewa. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ya riƙe hukumar ƙira da bunƙasa motoci ta Najeriya daga 2017 zuwa 2023. A Maiduguri, Mustapha Gajibo yana haɗa motocin haya masu lantarki. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, da aka kafa a 2013, tana kusa da waɗannan yara. Ya kamata ita da makarantun Bade su shirya gasar motocin da yara suka haɗa da hannunsu, a kuma hana na kanti shiga.