Hayaƙin Jirgin Sama: A Littafin Wa Za A Rubuta Shi?

Ma'aikatan Baitulmali sun sani, kuɗin da bai shiga littafi ba, ba mai tambayar inda ya nufa. To, haka muka ga sha'anin hayaƙin da ke ɗumama duniya. Bisa yarjejeniyar 1992, ƙasashen da suka sa hannu sukan kai wa Majalisar Ɗinkin Duniya lissafin nasu.

Ba a sama ake auna hayaƙin jirgi ba, daga mansa ake lissafi. Kilo guda na mai, in ya ƙone, yakan fid da wajen kilo 3.16 na iskar kabon. Jirgin da ya tashi daga Kano zuwa Ikko, nasa yana cikin jimlar Nijeriya. Amma wanda ya kwashi alhazai zuwa Jidda, gefe guda ake rubuta nasa, ba ya shiga jimlarmu ko ta Saudiyya.

Domin toshe wannan kafa, hukumar jiragen sama ta duniya ta yi tsari a 2016. Tun 2019 kamfanoni ke ba da lissafin man irin waɗannan tafiye-tafiye kowace shekara. Muna roƙon malamai su gwada wa 'yan makaranta wannan lissafi a allo.