Yadda ake kwance injin tarakta da ya cije

Ana cewa inji ya cije idan fistin ya kame a cikin silinda, ko ƙarfen da ke juya shi ya ƙi motsi, ta yadda ko an murza makulli ba a jin komai sai ƙas ɗaya daga sitata. Ciwo ne na tsofaffin taraktoci, musamman waɗanda suka yi damina biyu ko uku a ajiye. Taraktoci sun yawaita a Arewa tun shirin ciyar da ƙasa na 1976 da shirin bunƙasa noma na gwamnatin Shehu Shagari a 1980, zamanin da ake harhaɗa Steyr a Bauchi da Fiat a Kano, amma wadda ta fi karɓuwa wajen manoma ita ce Massey Ferguson mai injin Perkins: ƙaramar 135 mai silinda uku, da 375 mai silinda huɗu. A Sabon Birni da Isa, ƙasar Gobir da ke iyaka da Nijar, da su ake kaftun fadamun gulbin Rima da rassansa. Hare-haren 'yan bindiga na shekarun nan sun raba manoma da yawa da gonakinsu, wasu har sun tsallaka Jihar Maraɗi, tarakta kuma ta zauna a bayan gida ruwa na dukanta.

Cijewa iri biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko ta zafi ce: baƙin mai ya ƙare ko lagireto ya bushe ana cikin aiki, fistin ko metal ya narke ya manne. Wannan ita ce makanikai ke cewa inji ya buga, kuma ba abin da jiƙa silinda da mai zai yi mata, sai an sauke inji an buɗe. Ta biyu ta tsatsa ce. Salansar tarakta sama take kallo, in ba a kifa mata ko da gwangwanin madara ba, ruwan Agusta sai ya gangara ta cikinta, ya bi bawul ɗin da ya tsaya a buɗe, ya kwanta a kan fistin. Ringi da bangon silinda duk ƙarfe ne, sai tsatsa ta ɗinke su. Don haka tambayar farko ga mai tarakta ita ce yadda ta tsaya: tana aiki ta yi ƙara ta mutu, ko da lafiyarta aka ajiye ta?

Kafin a ɗora wa inji laifi, sai an tabbata shi ne. Mataccen batir, ko sitata da ta maƙale a haƙoran babban faifan inji, ko famfon ruwa da ya sandare, duk suna iya sa a zaci inji ya cije. Ana cire giya, a kwance bel ɗin fanka, a fitar da sitata, sannan a gwada juya fulin gaba da sifana. Daga nan a sassauta noti na ƙasan kaskon baƙin mai. Ruwa ya fi mai nauyi, saboda haka in akwai shi, shi zai fara ɗigowa. Man da ya koma fari-fari kamar shayi mai madara alama ce cewa ruwa ya daɗe da shiga.

In an gamsu tsatsa ce, sai a share ƙasa da ƙura daga kewayen nozul, a cire su duka, a zuƙe ruwan da ke kwance a silinda da sirinji da siririn tiyo. A buɗe murfin saman inji, a ɗan ƙwanƙwasa kowane bawul a ga yana nutsewa yana dawowa, domin bawul da ya kame shi ke lanƙwasa sandar da ke tura shi da zarar inji ya motsa. Sannan a zuba jiƙo ta ramin nozul. Wanda aka fi amfani da shi shi ne man gas ko kananzir gauraye da jan man giyar mota mai otomatik, kamar ƙaramin kofi a kowace silinda, a toshe ramin da tsumma mai tsabta.

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne ake ɓata shi. Jiƙon na bukatar kwanaki, wani lokaci makonni, kafin ya ratsa tsatsar. Ana leƙawa da tocila lokaci-lokaci: silindar da manta ya ragu, ringinta ya fara saki, wadda manta ke nan yadda aka zuba shi, ita ce mai taurin kai, sai a ƙara mata lokaci. Manomin da ke ganin hadari ya fara haɗuwa a watan Yuni ba ya son jin wannan magana. Abin da ya fi zuwa masa a rai shi ne a ɗaura igiya, wata tarakta ta ja, a saki kuloci da ƙarfi. Wannan dabara ta kashe injuna masu yawa da jiƙo kaɗai zai iya ceto. Fizga ɗaya na iya karya ringi, ta lanƙwasa kwanrod, ko ta tsaga fistin, gyaran da bai wuce kuɗin mai ba ya koma na sabon kayan inji. Matsa wa sitata ma ƙona ta kawai yake yi.

Hanyar da ta dace ita ce girgizawa a hankali. Ana ɗaga tayar baya guda ɗaya da jak, a tokare sauran da duwatsu ko kututture, a sa babbar giya, mutum biyu su riƙa murza tayar gaba da baya. Ko kuma a zura ƙarfe ta gurbin sitata a riƙa ɗan tura haƙoran faifan, nan da can. Ba juyi ake nema ba da farko, motsi ake nema, ko da na faɗin farce ne. Da ya samu, a ƙara jiƙo, a bar shi ya kwana, gobe a sake. Kowace rana tazarar na ƙaruwa har inji ya zagaya.

In makonni sun wuce babu labari, sai a cire kan silinda. A kankare tsatsar da ke sama da fistin da lallausar samfefa, a share, a ɗora guntun icce mai tauri da ya kusa cika faɗin fistin, a riƙa bugunsa da guduma sannu-sannu. Ƙarfe ba ya taɓa kan fistin kai tsaye. Fistin da ya tsaya a tsakiyar hanya shi ke amsa bugu. Wanda ke can ƙoli ko can ƙasa, dukansa wahalar da metal ne kawai. In hakan ma bai yi ba, a sauke kaskon mai, a kwance kwanrod ɗaya bayan ɗaya har a gano mai laifin. Alherin waɗannan injunan Perkins shi ne silindarsu na da riga ta ƙarfe da ake cirewa a sa sabuwa, kuma kayansu ba su yanke ba a Sakkwato da kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano.

Inji ya juya ba yana nufin a tayar da shi nan take ba. A fara zagaya shi da hannu sau da yawa, a tabbata babu inda yake tokarewa. Sannan a juya shi da sitata alhali nozul na waje, don ya tofar da sauran jiƙon. Injin gas na matse iska ninki 16 ko fiye, ruwa da mai kuwa ba sa matsuwa, saboda haka ɗan abin da ya rage a silinda ya isa ya lanƙwasa kwanrod. A juye tsohon baƙin mai, a canza matatunsa da na gas, a wanke tanki, a fitar da iska daga bututun mai, a cika lagireto, a duba matatar iska saboda ɓera da zanzaro kan yi gida a ciki. A ajiye faffaɗan katako kusa: in famfon gas ya maƙale inji ya ɗauki gudu ya ƙi mutuwa, toshe masa hanyar iska ne ke kashe shi.

Da ya tashi, ido na kan agogon mai. In bai hau ba cikin 'yan daƙiƙoƙi, a kashe. Hayaƙi mai yawa a farko ba abin tsoro ba ne, jiƙon ne ke ƙonewa. Bayan 'yan sa'o'i na aiki mara nauyi a sake canza baƙin mai. In shuɗin hayaƙi ya ƙi ɗaukewa, ko inji na huci ta bututun numfashinsa, ko yana wuyar tashi da sanyin safiya, to ringi ya kame a jikin fistin ko tsatsa ta rarake bangon silinda, sai a canza ringi da riga kafin a ɗaura masa garma.